Ranar da Na Rufa wa Teku Gwado

Ku matso, manya da ƙanana, ku ara mani kunnuwanku, in na ƙare in maido muku. Wanga ba tatsuniya ba ce, da idona na gani.

Shekarun da anka fara zaɓen jam'iyyu, ina shara da wanki gidan wata baturiya, ungozoma a asibitin mishan na yankinmu na Madawa. Madam muke ce mata. Mijinta shi ke gyaran injin wutar asibiti, nan cikinmu ya rasu. Ya bar mata abu guda da ba ta haɗa shi da komi: akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, a kusurwar falo, da fitila bisa kai da ɗan inji mai hura kumfa. Ta ce mani ɗiban teku ne. Ni da ban san ruwan da ya wuce tafkin damina ba, sai na ce to.

Akwai kifi biyu ciki, launin goro da ratsin fari, da ƴan katantanwa masu lasar gilashi. Amma abin kallo dutse ne. Dutse, jama'a, mai rai! In an kunna fitila sai ya buɗe ƴan furanni kamar yatsun jinjiri, suna kaɗawa. In inuwa ta gitta su dunƙule. Mijin nata ne ya taho da shi daga bakin teku cikin kwalba. Ina share falo ina satar kallonsa, ina tambayar kaina: wanga dabba ne, ko ciyawa, ko mi?

Wata bazara uwar Madam ta kwanta ciwo can ƙasarsu, dole ta tahi. Ta damƙa mana akwatin, ni da ƙanen mijina, wanda ya yi lakwal, wato makarantar bokon mishan, ya bi addininsu, yana aikin duba jini a asibiti. Ta nuna mana abincin kifi, da buhun gishirin teku da ake damawa in za a sake ruwa. Ta kama hannuna ta ce: "Kifi in ya mutu ana samun wani. Dutsen nan dai, in tarar da shi da rai."

Amana ke nan.

Madam ta saba barin mata su leƙo su yi kallo. Da ta tahi labari ya bazu, masu jinya daga Galma, daga Karofane, kowa sai ya zo ganin dutse mai numfashi. Ran nan wata tsohuwa ta manna hanci ga gilashi ta ce: "Kai! Wanga kyau haka!" Ba tubarkalla, ba komi. Na ji ta, na ci gaba da sharata.

Ba a jima ba abin ya fito. Wani yauƙi ne ja-ja, kamar majina, kamar miyar kuɓewa da ta kwana, ya shimfiɗu bisa yashi, ya hau dutse, kowane zare da ɗan kumfa a bakinsa. Abin mamaki, da sassafe sai ka ga kamar babu. Fitila na kamawa, kafin azahar ya lulluɓe komi. Katantanwa sunka lashe shi, sunka kife, sunka mutu. Furannin dutse sunka ƙulle, sunka ƙi buɗewa.

Mu abin da munka sani, ƙazanta wanke ta ake. Na kankare gilashi, na tsotse yashi da tiyo, ƙanen mijina ya dama gishiri ya sake ruwa. Washegari abin ya ƙaru. Munka sake. Munka rage wa kifi abinci don kada su ɓata ruwa. Ruwa ya yi garau kamar hawaye, majina kuwa sai ƙiba take. Kifi guda ya mutu.

"Matar yaya," in ji shi, "ke da ko tukunyarki ba ki wankewa, yau ga ki kin zama sarauniyar tsabta."

"Rufa mani baki. Kai da ka yi lakwal, gaya mani mi ne ne wanga."

Ya ɗebi ɗigo guda cikin ƴar kwalba, ya ce in biyo shi. Ya kai ni ɗakin aikinsa, ya sa ɗigon ƙarƙashin madubin da suke duba jini, ya ce in rufe ido guda in leƙa. Na leƙa na ja da baya ina salati. Na sake leƙawa. Ƴan abubuwa ne kamar ƙwayar riɗi, ba iyaka, kowane yana juyi wuri guda kamar akuyar da anka ɗaure ga turke. Ashe majinar gari ce guda, da mutanenta.

"Suna da uwa? Mi suke ci? Suna ganina?"

"In sun gan ki da sun gudu," in ji shi.

Ya nuna mani wani abu. In ya kare haske da hannu sai su watse, in ya saki su taru. Na tsaya nan har na manta na aza tukunya.

Sanin kamanninsu bai kashe su ba. Sai gishirin Madam ya ƙare. Na ce mu sa gishirin balma na kasuwa, ya ce in dai so nake in yi miyar kifi, bismilla. Sake ruwa ya tsaya. Dutse ya yi fari-fari ta gefe guda. Na zauna gabansa na tuna tsohuwar nan da bakinta, na ce wanga ba ƙazanta ba ce, ido ne. Jinjirin da ido ya kama, ɓoye shi ake. Na tahi gida na ɗauko gwadon aurena, baƙi, saƙar hannu mai kauri, na rufe akwatin ruf, na kashe fitila don kada gwado ya ƙone. Injin kumfa kaɗai na bari. Masu kallo sunka zo, na ce teku ba ta da lafiya.

Ƙanen mijina ya shigo ya riƙe baki. "Matar yaya, takaba kike sa shi? Dutsen nan da haske yake rayuwa!"

"Da haske yake mutuwa dai. Ka bar ni."

Ya dubi gwado, ya ce: "Ƴan juyin nan ma fa haske suke bi. To, bar shi. Amma kada ya daɗe."

Kifin da ya saura kuwa, tausayinsa ya kama ni, shi kaɗai cikin duhu ba abokin zama. Ina zura hannu ƙarƙashin gwado ina zuba masa abinci ba awo.

Bayan ƴan kwanaki munka yaye. Yashi fari tas. Dutse a ƙulle, kamar gawa. Ya kunna fitila, munka tsuguna. Can sai fure guda ya miƙa ɗan yatsa. Sai na kusa da shi ma ya miƙa.

"Duhu ne ya kashe ƴan juyin nan," in ji shi.

"Ido ne na kare."

"Duhu."

"To, wa ya kawo duhun?"

Majina ta ɗan leƙo daga baya, na sake rufawa, ta koma. Da yake ba mu da gishiri, ruwa ya tsufa, gansakuka kore ta fito jikin gilashi irin ta bakin rijiya. Na ɗauko soso, ya riƙe mani hannu. Ya ce ya duba, inda koren ya kama, ƴan juyin nan ba su samun wurin zama. Wai tsabtar da munka yi ce ta kore musu maƙwabta, gari ya zama nasu. Na aje soso, raina bai so ba.

Da kaka Madam ta dawo. Ko jaka ba ta aje ba ta nufi kusurwa. Kunya ta rufe ni, gilashi kore shar, kifi guda. Ta durƙusa ta leƙa ta tsakanin gansakuka. Gefe guda na dutsen ya mutu, sauran duk a buɗe, suna kaɗa yatsu. Ta daɗe nan. Sannan ta ce, haka yake kore lokacin mijinta, shi ma malalaci ne wajen wanki. Ta yi dariya tana share ido.

Madam ta tsufa ta koma ƙasarsu, dutsen na cikin kwalba bisa cinyarta. Kifin ya riga ta tahiya, ƙiba ta yi masa yawa. Ƙanen mijina ya aje aiki, yana noman albasa, har gobe in mun gamu sai ya ce "duhu," in ce "ido." Tsohuwar nan ban sake ganinta ba. Akwatin yana gidana, gero nake zubawa ciki. Gwadon kuwa, shi ne wanga da kuke zaune bisa. Ga kunnuwanku nan, na maido.