Barau da Motar da Ke Sumar da Mutane

Barau makanike mutumin Balan ne, wani ƙauye a ƙasar Gaya. 'Ya'ya uku suka riga shi a ɗakin uwarsa, ba wanda ya kai yaye, shi ya sa da ya zo aka raɗa masa wannan suna. Har ya yi aure yana noman gero a gonar ubansa, sannan wani cin rani ya kai shi Kano, ya faɗa wani gareji a Fagge yana wanke ƙarafa da kananzir. Shekara tara ya yi can. Ya dawo Gaya ana tsakiyar yaƙin basasa, ya kafa rumfa a gindin wata tsamiya kusa da tasha, da akwatin sifanu da kayan walda. Ba shi da yawan magana. In aka kawo mota sai ya sa a tayar, ya kafa sukundireba a jikin injin, ya ɗora kunne a ƙotarsa ya saurara.

Cikin motocin da yake dubawa akwai wata tsohuwar bas ta Bubayero, wani Bafulatanin Toranke da ya sayar da shanu ya saye ta, yake tuƙa abarsa da kansa. Injinta a ciki yake, tsakanin direba da mai zaman gaba, an kife shi da murfin ƙarfe. Gilashin tagar direba ya daɗe da fashewa, sauran tagogin kuwa lafiyarsu lau.

A daminar 1974, wadda ta biyo bayan babban fari, abin ya fara. Wata ranar kasuwa aka sauke akurkin kaji daga ƙarƙashin kujerar baya, aka tarar shida sun mutu. Aka ce matsi ne. Daga nan fasinja suka soma sauka da ciwon kai da jiri, wasu har da amai. Sai ranar da goggon Bubayero, wata dattijuwa mai suna Hure da ke kawo man shanu Gaya, ta ƙi motsi bayan kowa ya sauka. An ɗauka barci take yi. Da aka taɓa ta sai ta sulale kamar tsumma. Kwana biyu ta yi a asibiti ba ta san inda take ba.

Magana ta bazu daga Gaya har Ajingi. Wasu suka ce wanda ya fara mallakar motar a cikinta ya mutu. Wasu suka ce Bubayero ya take ɗan aljani a gindin wata kuka da ke bakin hanya. Aka wanke ta da rubutu, aka yi mata turare, amma ba mai shiga. Bubayero ya kawo ta rumfar Barau ya rame, idanunsa sun zurma, ya ce shi kansa yanzu ba ya iya waiwayawa baya in yana tuƙi.

Barau ma ba ƙaramin tsoro ya ji ba, don shi ba mai musun iskoki ba ne. Sai da ya yi addu'a ya tofa kafin ya ɗaga murfin injin. Lagireto cike da ruwa, baƙin mai bai ragu ba, tiyon fetur ba ya yoyo. Da ya kwance filogi sai ya gan su baƙi ƙirin, alamar kafireta tana zuba mai fiye da kima. Wannan dai ba ya sumar da mutum. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya sa Bubayero ya lissafa masa ranakun da abin ya faru ɗaya bayan ɗaya. Duk ranakun ruwa ne.

Matarsa Gaji ta roƙe shi ya fita hanyar motar nan, ta tuna masa su uku ne, ita da yara biyu, ke kallon hannunsa. Da hadari ya haɗo ranar Talata da hantsi, ya sa Bubayero ya tayar, suka kama hanyar Toranke su biyu. Ya zauna daidai inda Hure ta zauna, ya rufe tagogi kamar yadda fasinja ke yi in ruwa ya sauko.

Motar tana ta gurnani a cikin taɓo. Ba su yi nisa ba ya ji kansa ya ɗaure kamar an naɗa masa igiya. Bai ga hayaƙi ba, bai ji wani wari na kirki ba. Sai wani barci mai daɗi ya soma jansa. Ya hango kukar da ake faɗa tana matsowa cikin ruwa, ya ce a ransa lallai gaskiyar mutane ne. Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu, harshensa ya yi nauyi. Ya so ya ɗaga hannu ya buɗe taga, hannun ya ƙi tashi daga cinyarsa. A cikin wannan hali ne ya tuna yadda uwarsa ke fitar da kaskon garwashi daga ɗaki kafin su kwanta, tana cewa gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake yi ba a ji ba a gani. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya kifa da jikinsa tsakanin kujeru.

Ƙarar faɗuwar ce ta sa Bubayero ya tsaya. Ya jawo shi waje ta ƙafa, ya kwantar da shi a cikin gonar dawa ruwa na dukansa, yana ta salati. Da Barau ya farfaɗo ya yi amai, ya daɗe yana kallon sama.

"Ba aljani ba ne," in ji shi. "Hayaƙin inji ne. Kai tagarka a buɗe take, ita ta cece ka."

Suka komo a hankali da kowace taga a buɗe. Washegari Barau ya tsigo gashin kaza, ya sa aka tayar da mota har injin ya yi zafi, ya riƙa bi da gashin a jikin ƙarfen da ke kwashe hayaƙi daga inji zuwa salansa. A wani wuri gashin ya hau rawa. Ya leƙa da madubi. Tsaga ce siririya kamar zare, da baƙin zane a gefenta, kuma a jikin waldar da shi da hannunsa ya yi wata uku da suka wuce take. A lokacin ya san irin wannan ƙarfe ba ya riƙe walda, amma zuwa Kano neman wani ya yi masa nisa, ya ce a ransa waldar za ta kai rani. In inji ya yi zafi tsagar ta buɗe, hayaƙin ya bi ƙarƙashin mota ya shigo ta wani rami da tsatsa ta ci a dandamalin baya.

Ba wanda ya ga tsagar sai shi. Ya ga kansa a gaban alƙali, ya ga an watse daga rumfarsa, ya ga abin da zai biyo baya in Hure ta cika. Bubayero yana tsaye a kansa yana tambaya ko an gano.

"Zo ka gani," Barau ya ce. "Aikina ne."

Bubayero ya duba, ya miƙe, ya tafi bai yi sallama ba.

Barau ya hau motar Kano, ya kwana biyu yana yawo wajen masu kwance matattun motoci har ya samo ƙarfe mai lafiya. Ya ɗaura shi da sabon gasket mai toshe bakin haɗin, ya wanke kafireta ya rage mata mai, ya canza filogi. Ramin baya ya toshe shi da langa-langa da kwalta, ya yanka robar taya ya zagaye bakin murfin injin da ita. Da aka sake yin ruwa ya sa aka kira Bubayero ya tuƙa, shi kuma ya koma kujerar nan ya rufe tagogi, yana motsa yatsunsa kowane lokaci don ya tabbata suna jin maganarsa. Suka isa Toranke kansa wasai.

Daga tasha ya wuce gidan Hure. Ta tashi daga jinya, amma hannunta na dama yana rawa, kuma takan manta sunan jikokinta. Ya durƙusa a gaban 'ya'yanta maza ya faɗi komai. Babbansu ya miƙe da sanda, sai da aka rirriƙe shi. Hure ta sa aka maimaita mata maganar da Fillanci, sannan ta ce tun da ta farka take jin tsoron wani abu ya biyo ta gida, ko bayan ɗaki ba ta zuwa ita kaɗai. In dai hayaƙi ne, to, a bar bawan Allah ya tafi.

Ba a kai shi ƙara ba, amma kusan shekara guda direbobin Ajingi suna wuce rumfarsa su kai aiki Wudil. Ya koma noma rabi da rabi. Bubayero ne ya fara dawowa, wata safiya da fanbel ya tsinke masa a bakin kasuwa. Ya turo motar har gindin tsamiya, suka gaisa kamar jiya suka rabu, Barau ya jawo akwatin sifanu.