Kwana Goma

Na fara saninsa a shekarar 1971, wata Talata cikin watan Agusta. Ina malamin makaranta a lokacin, na samu gurbin karatun shekara guda a wata kwaleji a ƙasar waje, saura kwana shida jirgi ya tashi.

Shi ne mai yi wa matafiya allurar rigakafi, a wani ɗan ɗaki bayan asibiti. Tebur ɗaya, benci ɗaya, firji mai aiki da kananzir, sai tukunyar da yake tafasa allurai. Hatiminsa kuwa kullum yana aljihun rigarsa, ko bayi zai zagaya da shi yake tafiya.

Ya yi mini allurar shawara, ya rubuta kwanan wata a katina, ya ce, "Malam, wannan kati ba ya aiki sai bayan kwana goma."

Na ce, "Kwana shida gare ni. Mayar da kwanan watan baya mana, wa zai sani?"

Ya ce, "Sauron can. Shi ba ya duba kati, jini yake dubawa."

Na roƙe shi, na yi masa Turanci, har na ce masa jahili. Bai ɗaga murya ba. Ya busa tawada ta bushe, ya miƙo mini katin da hannu biyu. Jirgi ya tashi ba ni, kwaleji ta ba wani gurbina.

Da shekara ta zagayo suka sake kirana, na tafi, na dawo da takardata. Na ɗauka ƙwazona ne ya sa suka tuna da ni. Shi kuwa ban yafe masa ba. Ni na laƙaba masa suna Kwana Goma, sunan ya bi shi har 'yan kasuwa da direbobi ba su san wani ba. Shekara talatin da huɗu muna haɗuwa a hanya, yana sauka daga kekensa ya gaishe ni, ina amsawa da ka.

Da ya rasu na je ta'aziyya, don dai kada a ce ban je ba. Matarsa ta sa aka kira ni ƙofar ɗaki.

Ta ce, "Malam, ka san yana da ƙane?"

Na ce ban sani ba.

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara biyu kafin zuwanka ya samu aikin katako a wata ƙasa, yana sauri, ga shi da tsoron allura kamar yaro. Ya ce, 'Yaya, buga mini hatimin kawai.' Ya buga masa. Wata uku aka aiko da akwatinsa, katin yana ciki. Shawara ce ta kashe shi."

Sai ta miƙo mini wata tsohuwar ambulan. Kwafin wasiƙu ne guda tara, da rubutunsa, duk zuwa ga shugaban kwalejin nan, wata bayan wata. Turancin duk a karye yake, ni da nake malami da na sa masa jan biro. Kowace tana cewa abu ɗaya: malamin nan ba shi da laifi, ni na hana shi tafiya, a taimaka a sake kiransa.

A ƙarƙashinsu akwai amsar shugaban, layi biyu. Ya ce sun ji, za su kira ni, ya daina rubutowa haka nan.