Sunan Kakana a Buhun Albasa

Kawuna falke ne, albasa yake kaiwa Abijan daga tashar Galmi. Kowane buhunsa na ɗauke da sunan mahaifinsa, wato kakana, da baƙin fenti. Masu saye a can in sun ga sunan ba sa kwance bakin buhu; sun san albasar ta bushe, kuma ba a ɓoye ruɓaɓɓa a ƙasa ba. A tasha kuwa doka ce tun kafin a haife ni: wanda ya buga sunan wani a buhunsa, sarkin tasha zai hana shi lodi.

Ina koyarwa a Malbaza, inda ake kiran malamin boko Mushe, lokacin da wani babban mai saye ya ce yana son adireshin Kawu na intanet. Da yake ni ne mai Faransanci a dangi, aikin ya faɗo kaina. Muka tafi siber, wato shagon intanet, a Ƙonni. Kawu bai zo shi kaɗai ba, ya zo da dattawa biyu da ƙullin goro. Suka tsaya bayan kujerata suna kallon gilashin na'urar har sunan kakana ya fito, da .com a gindinsa. Aka shafa fatiha, aka raba goro, mai siber ma ya samu biyu.

Na ce, "Kawu, an fa fito da sababbin wutsiyoyi, .biz da .info. Gara mu kama su, kar wani ya riga mu."

Ya ce, "Mushe, boko ya yi maka yawa. Ga shaidu biyu tsaye. Wa ka taɓa sunan ubana?"

Duk shekara ina koya wa yara yadda Turawa suka raba ƙasar nan da takarda, amma na kasa yi wa kawuna wannan darasi.

Bayan kaka biyu wayarsa ta fara kawo zagi. Tsohon dillalinsa na Abijan, wanda suka rabu baram-baram, ya buɗe sunan nan harafi da harafi, sai dai .biz a ƙarshe. Masu saye suka riƙa aika masa saƙo suna tsammanin Kawu ne, shi kuma yana ɗora musu ɗanyar albasa mai tsiyayar ruwa tun kafin a sauke ta daga mota.

Kawu ya kai ƙara gaban sarkin tasha, da shaidarsa guda, don ɗayan ya rasu.

Sarki ya ce, "Ya buga sunanka bisa buhu?"

"A'a, ranka shi daɗe. Cikin na'ura."

"Na'urar tana ina?"

Duk aka juyo ana kallona. Na ce ba ta nan, ba ta Yamai, wataƙila tana bayan teku.

"To Alhaji, ni buhu nika yi wa hukunci. Kawo min buhu."

Na rubuta wasiƙa zuwa kamfanin da ke raba sunayen, da Faransancin da ko insifekta ba zai ga kuskure ba. Amsa ta zo da Ingilishi, layi biyu. Wani ɗan canji a bakin iyaka ya karanta mana: wanda ya riga zuwa shi ke da suna.

Da kakar albasa ta zagayo, Kawu ya hana a buga komai a buhunansa. Ya ce gara albasarsa ta tafi ba suna da a riƙa zagin ubansa yana kabari. Farantin kwanon da aka huda haruffan a jiki, wanda ake buga sunan da shi, matarsa ta toshe ramin akurkin kaji da shi.

Sau ɗaya na raka shi Abijan bayan haka. Ya tsaya ya harɗe hannu a baya, yana kallon masu saye suna zazzage buhunsa har ƙasa, kamar na kowa.