Jif ɗin da Sai An Tura

Shekara talatin Baba ya yi yana tuƙa masu yi wa shanu allura tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Saura wata huɗu ya yi ritaya Inna ta rasu. Mu 'ya'yansa duk mun watse birni, domin lokacin kuɗin man fetur ne, kowa ya bi aikin albashi. Gidanmu na garin 'Yargoje ya rage daga shi sai buta da rediyo. Abin da yake tsoro bai ɓoye mini ba: ranar da zai mayar da makullin motar ofis, ya zauna babu mai nemansa.

Na ce zan saya masa mota. Ni a raina ƙaramar mota mai shan fetur nake so, wadda da an murɗa makulli ta tashi. Shi kuwa ya kafe sai jif mai shan dizal, wai ita ce ta san laka da rafi. Muka je Faskari wurin wani mai sayar da tsofaffin motoci, muka tarar da guda biyu. Ɗaya tsaf take. Ɗayar koriya ce, fenti ya koɗe, kuma mai ita ya faɗi gaskiya: batirinta ya gaji, da safe sai an tura.

Baba ya zagaye koriyar, ya dafa ta.

"Wannan nika so."

"Haba Baba, wa zai riƙa tura maka wannan ƙatuwa?"

"Akwai mutane a gari," in ji shi.

Na yi fushi ƙwarai. Na ɗauka rikicin tsufa ne.

Bayan ritayarsa na je hutu na ga yadda ake yi. Da an fito sallar asuba gari ya waye, sai maza biyar ko shida su biyo shi gida. Liman kansa kan naɗe hannun riga. A tura, a yi nishi, a tsokane shi cewa ya sayi jaka mai gardama. Idan ta tashi da baƙin hayaƙinta, ba mai tafiya. Sai a shimfiɗa tabarma a sha koko ana jira inji ya yi zafi, a yi hirar farashin dawa da shanun da suka yi ɓarna. Ni kuwa kunya ta kama ni. Ina ɗan boko mai albashi, a ce ubana sai an tura masa mota?

Ban shawarce shi ba. Na sayo sabon batir daga Ƙanƙara, na sa makanike ya ɗaura. Murɗawa ɗaya ta tashi. Baba ya sa mini albarka, na koma birni ina jin na yi abin kirki.

Da damina na dawo. Bayan asuba na ga mutane suna wucewa ta ƙofar gida da fartanya, su ɗaga hannu su ce "Alhaji, an tashi lafiya?" su yi gaba. Ba abin da zai tsayar da su. Tabarmar tana jingine a zaure, a naɗe. Baba na zaune cikin mota, inji na aiki, da kofin koko ɗaya a hannunsa.

Na leƙa ta taga na tambaye shi yaya motar.

"Lahiya lau," ya ce. "Ka gyara ta sosai. Yanzu ba ta buƙatar kowa."