Dodanniyar da Aka Rubuta da Fensir

Mijin yayata gyaran agogo yake yi, shekara talatin da ɗoriya, a wani ɗan shago da in mutum biyu suka shiga, sai na ukun ya yi gaisuwarsa daga bakin ƙofa. Kowa Mai Agogo yake ce masa. Ni Yaya nake ce masa, ko da yake yayata ta ce ba ta tuna ranar da uwarmu ta haife shi ba.

A bayan shagon akwai ɗaki, da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da kwali. A nan muke taruwa kowace Asabar da ƙarfe biyu, mu yi wasan da yayata ke kira "wasan yara masu furfura". Yaya ne mai ba da labari. Zai shimfiɗa taswirar wata ƙasa da ya zana, mu kuma kowa da jaruminsa a rubuce a takarda: ƙarfinsa kaza, wayonsa kaza, ransa kaza. Shi zai ce ga kogo, ga abin da ke ciki. Kai kuma ka faɗi abin da jaruminka zai yi. Sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin, ita ke yanke hukunci.

Mu uku ne. Akwai Sista, nas ce a ɗakin haihuwa, jarumarta maharbiya. Akwai Baba Direba, wanda ya tsufa a kan sitiyarin bas, nasa wani manomi ne da ya bar gona ya ɗauki takobi, ana ce masa Dogo. Nawa mawaƙi ne, gwanintarsa guda: gudu.

Yaya yana da ƙa'ida. Jarumi da fensir ake rubuta shi, domin zai girma, yau a goge gobe a ƙara, kuma rabin takardar a bar ta fara don mai shi ya cika. Dodo kuwa da biro, a kati ɗaya tak, domin rayuwarsa duka ba ta wuce rabin awa a kan tebur. A bayan katin kuma, da jan biro, sai ya rubuta abin da yake kira ƙofa, wato ta inda za a kashe shi. Na ga dodanninsa sun fi ɗari, daga kunama mai wutsiyar tagulla har zuwa kogin da ke tashi tsaye ya bi mutum, babu wanda ba shi da ƙofa.

Sai ga shi bana yayata ta tsegunta min cewa wata uku ke nan mijinta yana gina wata dodanniya da tarkacen agogo, har abinci yana hucewa a gabansa. Ta ce ya rubuta mata shafi tara, ga ɓurɓushin abin goge rubutu ko'ina a kan darduma.

Na ce, "Da fensir?"

Ta ce ina ruwanta da abin da ya rubuta da shi.

Ni kuwa gabana ya faɗi, domin a makon ne Baba Direba ya gaya mana yanar ido ta rufe masa gani, 'yarsa za ta ɗauke shi ya koma garinsu da zama. Asabar ɗaya ta rage masa. Abu ɗaya ya roƙa: shekara bakwai yana jan Dogo a tsakanin dodanni, yana so ya mai da shi gonarsa da rai.

Na sami Yaya a shago na tambaye shi ƙofar dodanniyar. Ya cire gilashin da ke manne a idonsa. Ya ce sau uku yana ɗaukar jan biro, hannunsa yana ƙi. Na ce to ya jefa ƙwayar a bayan littafi, ya faɗi abin da ya ga dama. Ya kalle ni kamar na ce ya saci agogon masu kawo gyara. Ya ce shi bai taɓa saita wa mutum lokacin ƙarya don ya ji daɗi ba.

Ranar Asabar, da labari ya kai mu saman wata hasumiya, Yaya ya yaye ƙyallen da ke tsakiyar tebur. Tsawonta bai wuce na butar shayi ba. Haƙarƙarinta hannayen agogo ne, gashinta siraran wayoyi a nannaɗe, idanunta jajayen duwatsun nan ƙanana da ake samu a cikin agogon hannu. Ya murɗa mabuɗi a bayanta. Ta ɗago kai a hankali, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ƙirjinta yana bugawa. Sista, wadda ta ga abin da ta gani a asibiti, ta ja kujerarta baya. Yaya ya ce wannan ita ce Mai Haɗiye Lokaci, duk garin da ta sauka, yara kan wayi gari da furfura.

Mawaƙina ya juya zai yi abin da ya saba, ta tsofar da shi kafin ya kai matakala. Kiban Sista suka yi tsatsa a iska. Dogo ya kai sara biyu, ta mayar masa, ransa ya koma uku daga sittin. Yaya yana jefa ƙwaya a fili, gumi yana bin wuyansa, kamar shi ake dukan.

Baba Direba ya miƙa hannu yana laluben kofin ruwa, sai ya taɓa takardun da ke gaban Yaya. Ya shafa, ya murza yatsunsa, ya ji santsin fensir.

Ya ce, "Mai Agogo, wannan ai ba kati ba ne. Kai da ka rubuta ta haka, ka san tana da uwa da uba. Dogo ya ajiye takobi. Yana tambayarta, baiwar Allah, duk lokacin nan da kike tarawa, me za ki yi da shi?"

Da dodon biro ne, da babu amsa sai cizo. Amma ita shafi tara gare ta. Yaya ya buɗe na shida, ya karanta: 'yarta ce ta ɓace wani yammaci tana can tana aiki, shi ne take tara shekaru, ko za su isa ta sayi yammacin nan guda. Shekara bakwai suka rage mata.

Baba Direba ya ce a ba shi abin goge rubutu. Ya ce Dogo yana da shekara bakwai cif da ya yi a tsakanin dodanni, ta karɓa.

Yaya ya ce sai ƙwaya ta yarda, sha biyar ko sama. Baba Direba ya jefa. Ta gangara ta bi gangaren teburin nan, ta tsaya a jikin kofi. Ya sunkuya har hancinsa yana taɓa taswira, bai gani ba. Ya juya wajen Sista.

"'Yata, karanta min."

"Sha bakwai ne, Baba."

Ya goge takobin, ya goge sulken, ya goge duk lambobin da ya tara tun gashinsa da sauran baƙi. Takardar ta yi siriri har ana hango katako ta cikinta. Abin da ya rage a sama kalma biyu ce: Dogo, manomi. Yana ɗauke hannu, murɗin mabuɗin dodanniyar ya ƙare, ta sunkuyar da kai, bugun ya tsaya. Yaya ya rantse bai auna ba. Mutumin da ke auna daƙiƙa da kunne, ni dai ban yi masa musu ba.

Sai ya ba da labarin hanyar gida, a tsanake, har da kukan ƙofar gonar da Dogo ya tura. Baba Direba ya ninke takardarsa huɗu ya sa a aljihun gaba. Yayata, da ta shigo kwashe kofuna tun ɗazu ba ta fita ba, ta tambaya ko matar ta sami 'yar tata. Yaya ya ce wannan shafin bai rubuta ba tukuna, ya miƙa mata fensir.