Wuyan Tulun da Ke Bangon Kaka

Kwanan baya wata yarinya ta shigo unguwarmu a Daura da na'urar ɗaukar sauti. Wai aikinta ke nan, bin tsofaffin soraye tana ɗaukar kukan tsattsewa da jemagu da iskar da ke ratsa azara. Na yi mata dariya, ta miƙo mini abin kunne. Ai kuwa na sa na saurara. Wata iska ce ke gunji a cikin rami, irin gunjin soron kakata sak.

Kakanmu magini ne, ban riske shi ba. Da zai gina wa Kaka soronta, sai ya binne wuyan fasasshen tulu a bangon gabas, can sama kusa da rufi. A bayan bangon akwai gawo biyu da fili har iyakar gani. In hadari ya taso, iska ta biyo ta tsakanin itatuwan, sai wuyan tulun ya kama wani kuka mai kauri, huuu, har ka ji shi a ƙirjinka. Mu yara tsoronsa muke ji.

Ita kuwa Kaka, da idonta ya tafi, da shi take gani. Tana ji za ta ɗago kai ta ce, "Ga Malam nan yana magana. A kwashe shanya!" Kafin a gama ɗaure awaki, ƙanshin ƙasa ya cika gida. Sai ta jingina da bango, fuskarta a sake. Abin da ya rage mata na mijinta ke nan, kowa kuma ya sani.

Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, Baffa, babban ɗanta, ya fara jin ana tsegumi a majalisa, wai a gidansu mamaci ke kiran ruwa. Abin ya ci masa rai. Ba mugu ba ne, wallahi, kunyar mutane ce ta fi ƙarfinsa. Lokacin yaɓen bazara ya sa aka cushe ramin da siminti, bai gaya mata ba.

Ruwan farko ya sauko babu sallama, ya jiƙa dawar da aka shanya. Kaka ta laluba bango da tafin hannu ta ce, "Yau Malam bai yi magana ba." Duk muka sunkuyar da kai. Haka ta kai ƙarshen damina, ko ganye ya motsa sai ta karkata kunne. Ba ta taɓa tambayar wanda ya yi ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Kafin a yanke dawa ta rasu.

Yanzu Baffa ne ke zaune a soron, shi ma ido ya yi rauni. Bara ya kira ni ya ce, "Ɗan nan, hau ka buɗe mini ramin can." Na hau tsani na fasa simintin, wuyan tulun na nan lafiya lau. Amma gawon an sare su tuntuni, filin ya zama gidajen bulo har jikin katangarmu.

Hadari ya haɗu, muka zauna muna jira. Ruwa ya zo ya wuce, wuyan tulun ko uffan bai ce ba. Can Baffa ya juyo da fuskarsa wajena.

"Ka dai buɗe shi sosai kuwa?"