Ranar da La'asar Ta Kusa Cinye Mana Fili

Har yau ban manta da yammacin da muka kusa rasa filin kulob ɗinmu na Kibiya ba. Ban daɗe da yin ritaya daga aikin sadarwa ba, bayan na zauna Yamai da Khartoum da Accra. Malam Nasiru, shugaban kulob ɗin ƙwallo, ya roƙe ni in haɗa musu tsarin kama fili, domin fili ɗaya ne, ƙungiyoyin ƙauyuka kuwa da yawa. Filin ma aro ne. Mai shi, Alhaji Dauda, sharaɗi guda ya kafa: ranar da aka yi faɗa a kansa, zai sa garma ya shuka gyaɗa.

Tsarin ba wuya. Mai babbar waya ya shiga shafin intanet ya zaɓi rana da awa. Mai ƙaramar waya ya tura saƙo, amsa ta dawo masa cewa fili nasa ne. Awar da aka kama ta rufu ga kowa. Kwamiti ya so a yanka yamma awa-awa kamar na birni, haka muka yi.

Ran nan 'yan Fassi suka kama ƙarfe huɗu, 'yan Zurgu ƙarfe biyar. 'Yan Fassi sun iso ana kiran salla, suka wuce masallaci, sai huɗu da rabi suka fara. Biyar na cika, ga 'yan Zurgu a kan babura.

Kyaftin ɗinsu Ilu ya ɗaga waya. "Habu, ku fito, lokacinku ya ƙare!"

Habu, kyaftin ɗin Fassi, ya taka ƙwallo. "Wane lokaci? La'asar muka kama."

"Huɗu kuka kama, ga shi a rubuce."

"To mu buga ba mu yi salla ba? Haka kuke yi a Zurgu?"

"Mu a Zurgu akwai agogo."

Aka yi dariya, amma wasu sun fara tuɓe riga. Ina waiwayawa na ga Alhaji Dauda ya jingine kekensa yana kallo. Ya ce mini, "Alhaji, na'urar taka wa ta ba gaskiya?"

Na ce, "Ilu."

"Kai fa?"

"Habu ma bai yi ƙarya ba."

"To ka daidaita su. Iri yana nan a ɗaki."

Malam Nasiru ya shiga tsakani, ya ce tunda duka sun zo, su buga da juna kafin magariba. Suka yarda da kyar.

A Accra, in aka ce huɗu, agogo ake dubawa. A Khartoum kuwa alƙawari bayan La'asar ake sa shi, da Larabci, kamar dai nan. Washegari na cire awowin daga shafin da saƙon waya. A madadinsu na sa hantsi, bayan Azahar, bayan La'asar. La'asar ta ƙungiya ɗaya ce, har a kira magariba, kuma wadda ta samu yau ba ta samun gobe.

Abin da nake gaya wa matasan da ke shigowa wannan sana'a ke nan: kafin ka yanka wa mutane lokaci, ka saurari yadda suke sa wa juna alƙawari. Da damina ta sauka, Alhaji Dauda ya shuka gyaɗarsa, amma a gonarsa ta bayan gari.